DARASIN KIWON LAFIYA: Cutar Korona da Tayirod a Jikin Yara da Matasa

Karatu: Markus 5:21-43

Manufar darasi: Mu san aikin tayirod a jikin yaro, mu san yadda cutar korona kan taɓa ta, mu kuma gane alamomin da ke nuna cewa lokacin zuwa asibiti ya yi.

An shirya wannan darasi domin a karanta shi a taron zumuntar mata, da taron maza, da na matasa. Muna roƙon mai jagora ya karanta a hankali, ya tsaya a ƙarshen kowane kashi domin a yi tambaya.

GABATARWA

A wurin da muka karanta, mun ga Yayirus, shugaban majami'a, ya zo wurin Yesu saboda 'yarsa mai shekara 12 tana bakin mutuwa. Mun san yadda labarin ya ƙare, yarinyar ta tashi ta yi tafiya. Amma akwai abu ɗaya a aya ta ƙarshe da muke yawan tsallakewa. Bayan da Yesu ya tashe ta, ya umarci mutanen gidan su ba ta abin da za ta ci. Ya yi nasa aikin, ya kuma bar wa iyaye nasu. Tashin yaro daga tabarmar ciwo ba shi ne ƙarshen jinya ba.

A shekarar 2021, a wani ƙauye da muke aikin rijiyoyi, akwai wata yarinya 'yar shekara 14 a cikin ƙungiyar mawaƙa. Ta yi zazzaɓi da tari, ta daina jin ƙamshin abinci na wasu kwanaki, sa'an nan ta warke. Kowa ya gode wa Allah, aka manta. Bayan kamar wata biyu sai aka ga tana ci sosai amma tana ramewa. Hannunta yana rawa har rubutunta ya lalace. Tana zufa cikin hunturu, ba ta barci, abu kaɗan sai faɗa da kuka. Babanta ya ce rashin kunya ne. Maƙwabta suka ce iskoki ne. Da al'adarta ta tsaya, wasu suka fara raɗe-raɗin ciki. Da wuyanta ya ɗan kumbura, kakarta ta ce a kira wanzami.

Wata mama a zumuntar mata, wadda ta taɓa aiki a ɗakin shan magani, ita ce ta kama hannun yarinyar ta ƙirga bugun zuciyarta. Ya wuce 120 a minti ɗaya, alhali tana zaune, ba zazzaɓi. Ta ce wa uban, “Baba, wannan ba halinta ba ne, ciwo ne. A kai ta babban asibiti.” Awon jini ya nuna cewa tayirod ɗinta tana aiki fiye da kima. Likita ya ce irin wannan ciwo kan taso wa 'yan mata ko da korona ko babu, amma wani lokaci yakan bayyana bayan jiki ya yi fama da wata cuta. Aka ɗora ta a kan ƙwayoyi. Cikin 'yan watanni ta koma makaranta, ta koma waƙa. Abin da ya dame mu shi ne watannin da aka ɓata, da munanan maganganun da aka yi a kanta a banza. Dalilin wannan darasi ke nan.

1. MECE CE TAYIROD?

Dukanmu mun san maƙoƙo, wato kumburin da kan fito a gaban wuya. Abin da ke kumbura ɗin shi ake kira tayirod. Kowane mutum yana da ita, tun daga cikin uwa. Wata 'yar tsoka ce mai laushi a gaban wuya, ƙasa da zakaran wuya, tana da ɓangare biyu kamar fikafikan malam-buɗe-littafi. In tana lafiya ba a ganinta, da wuya ma a ji ta da hannu.

Aikinta shi ne haɗa wasu sinadarai biyu da take zubawa cikin jini. Likitoci suna kiransu T4 da T3. Su ne ke tsara saurin aikin jiki: ɗumin jiki, bugun zuciya, narkar da abinci, ƙarfin yin aiki. A jikin yaro suna da wani aiki babba ƙari a kan wannan. Da su ƙashi ke tsawo, da su ƙwaƙwalwa ke ginuwa, da su kuma balaga ke zuwa a kan lokacinta.

Mu ɗauki misali da murhu. Idan wuta ta yi yawa, tuwo zai ƙone. Idan ta yi kaɗan, ba zai dahu ba. Tayirod ita ce wutar. Itacen da take ci shi ne sinadarin aidin, wanda muke samu daga abinci. Akwai kuma mai lura da wutar, wata 'yar halitta a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, girmanta kamar ƙwayar wake. Ita ke aika saƙo ta cikin jini, ana kiransa TSH. In wuta ta yi ƙasa, sai ta ƙara aika saƙo a iza. In ta yi yawa, sai ta rage. Shi ya sa idan likita yana son ya san lafiyar tayirod, waɗannan uku yake aunawa a jini: TSH, da T4, da T3.

2. KORONA A JIKIN YARA

An fara ganin cutar korona a birnin Wuhan na ƙasar Sin a watan Disamba 2019. A ranar 27 ga Fabrairu 2020 aka tabbatar da mutum na farko da ke ɗauke da ita a Nijeriya, a Legas. Ranar 11 ga Maris 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana ta a matsayin annobar da ta game duniya. Ba mu manta da rufe makarantu da majami'u da kasuwanni a waccan shekara ba. A ranar 5 ga Mayu 2023 hukumar ta sanar cewa matakin gaggawa ya ƙare. Amma ƙwayar cutar ba ta ɓace ba. Tana nan tana yawo cikin jama'a, sau da yawa kamar mura, kuma a ƙauyukanmu da wuya a yi gwajinta.

Abin godiya shi ne, yawancin yara ba sa shan wuyar korona. Wasu ba sa ma nuna wata alama. Wasu sukan yi zazzaɓi, tari, majina, ciwon kai ko gudawa, su warke cikin mako ɗaya ko biyu.

Amma a watan Afrilu 2020 likitoci a Ingila suka lura da wani abu. Yara kaɗan, bayan mako 2 zuwa 6 da kamuwa da korona, sukan kamu da wani ciwo mai tsanani. Garkuwar jikinsu takan harzuƙa ta shiga dukan gaɓoɓin jiki, har da zuciya. Ana kiran wannan ciwo da haruffan MIS-C. Alamominsa su ne zazzaɓi mai zafi na kwanaki da ya ƙi sauka, ciwon ciki, amai ko gudawa, jan ido, tsagewar leɓe, ƙuraje a fata, da kasala sosai. Ba kasafai yake faruwa ba, amma duk yaron da ya nuna waɗannan alamomi, a kai shi asibiti a ranar, kada a kwana.

3. HANYOYI UKU DA KORONA KAN TAƁA TAYIROD

Hanya ta farko: jiki yakan rage wuta da kansa. Idan hatsi ya yi ƙaranci a tsakar damina, uwargida mai hikima takan rage awo domin a kai ga kaka. Haka jiki yake yi a lokacin ciwo mai tsanani, ko korona ce, ko taifot, ko tamowa. Yakan rage yin T3 domin ya adana ƙarfi. In aka auna jinin yaron a lokacin, za a ga T3 ya yi ƙasa, alhali tayirod kanta lafiyarta ƙalau. Wannan shi ne canjin da aka fi gani a yaran da korona ta kwantar a asibiti, musamman masu MIS-C. An kuma lura cewa iyakar tsananin ciwon, iyakar faɗuwar T3. A mafi yawan lokaci ba a ba da maganin tayirod domin wannan. Ana jinyar ainihin ciwon ne, in yaro ya warke sai awon ya daidaita da kansa. Wasu magungunan da ake ba masu korona mai tsanani, irin su deksametazon, su ma sukan sauya sakamakon awon na ɗan lokaci. Saboda haka likita yakan ce a dawo a sake awo bayan kamar mako 6 da warkewa. In ya faɗi haka, ba wasa da kuɗinmu yake yi ba. Awo na biyu shi ke nuna gaskiya.

Hanya ta biyu: tayirod takan kumbura ta yi ciwo. Wannan ciwo ba sabo ba ne. Wani likita ɗan ƙasar Suwizalan mai suna De Quervain ya bayyana shi tun 1904, kuma an san yana biyo bayan cututtuka irin su mura da hangum. A 2020 likitoci a Italiya suka ba da rahoton farko na faruwarsa bayan korona, a jikin wata budurwa 'yar shekara 18. Kamar mako biyu bayan gwaji ya nuna tana da korona, ta fara zazzaɓi, da ciwo a gaban wuya mai kaiwa har muƙamuƙi, da faɗuwar gaba. Aka ba ta magani, ciwon ya lafa cikin kwanaki, awon jininta ya daidaita cikin kwana 40.

Ga abin da ke faruwa. Tayirod tana da ajiya kamar rumbu, takan tara sinadarin da zai ishi jiki na makonni masu yawa. In ta kumbura, sai rumbun ya fashe, ajiyar ta zube cikin jini gaba ɗaya. A makonnin farko wuta takan yi yawa: zuciya na gudu, zufa, rawar hannu. In ajiyar ta ƙare sai wuta ta yi ƙasa: kasala, jin sanyi, yawan barci. Daga baya rumbun ya gyaru, aiki ya koma daidai. Yawancin masu wannan ciwo sukan warke sarai cikin 'yan watanni, kaɗan ne ke buƙatar magani na dindindin. An fi ganinsa a manyan mata, wani lokaci a matasa. Da wuya a gan shi a ƙananan yara.

Hanya ta uku: garkuwar jiki takan juya wa tayirod. Allah ya ba jikinmu dakaru masu yaƙi da cuta. Wani lokaci sukan yi kuskure su far wa na gida. In suka riƙa ingiza tayirod ta yi aiki ba hutawa, shi ne ciwon da ake kira Graves, sunan wani likitan ƙasar Ayalan da ya bayyana shi a 1835. Shi ne ya kama yarinyar da muka ba da labarinta. In kuwa suka riƙa cinye ta a hankali har aikinta ya ragu, shi ne ciwon Hashimoto, sunan likitan ƙasar Japan da ya bayyana shi a 1912. Duka biyun sun fi kama 'yan mata fiye da samari, sun fi bayyana wajen lokacin balaga, kuma sukan bi jini a wasu gidaje. Suna nan tun kafin korona, amma likitoci sun ba da rahoton mutanen da ciwon ya fara bayyana, ko ya dawo musu, bayan sun yi korona. Bambancin wannan hanya da biyun farko shi ne, ba ta tafiya da kanta. Tana buƙatar magani da bin likita na dogon lokaci.

A taƙaice: yawancin yaran da suka yi korona, tayirod ɗinsu ba za ta sami wata illa ba. A cikin waɗanda ta taɓa, yawanci na ɗan lokaci ne. Saura 'yan kaɗan su ne muke so kada su ɓace mana cikin taro.

4. ALAMOMIN DA ZA MU LURA DA SU

Bayan yaro ya tashi daga zazzaɓi da tari mai nauyi, mu sa masa ido na wata biyu zuwa uku.

Alamomin wuta ta yi yawa:
(a) Yana ci sosai amma yana ramewa.
(b) Zuciya tana bugawa da sauri ko yana hutawa.
(c) Rawar hannu, rubutu ya lalace.
(d) Yawan zufa, ba ya son zafi.
(e) Rashin barci, rashin natsuwa, saurin fushi.
(f) Yawan fita bayan gida.
(g) Idanu sun firfito, ko yana kallo kamar a tsorace.

Alamomin wuta ta yi ƙasa:
(a) Kasala da yawan barci.
(b) Jin sanyi lokacin da wasu ba sa ji.
(c) Bushewar fata da zubewar gashi.
(d) Taurin bayan gida.
(e) Fuska ta ɗan kumbura, jiki ya yi nauyi.
(f) Tsawo ya tsaya, ƙannensa suna kamo shi.
(g) Balaga ta yi jinkiri, ko al'adar yarinya ta rikice.

A kowane ɓangare ana iya ganin kumburi a gaban wuya, ana kuma iya rashin ganinsa.

Mu yi hattara a nan. Kasala da rama suna da dalilai da yawa, kuma a ƙauyukanmu ƙarancin jini, zazzaɓin cizon sauro, tsutsar ciki, tarin fuka da rashin isasshen abinci sun fi ciwon tayirod yawa nesa. Wasu yara kuma sukan daɗe da gajiya da ciwon kai bayan korona ba tare da tayirod ta sami komai ba. Namu shi ne mu lura mu kai. Faɗin sunan ciwon aikin likita ne, bayan awon jini.

5. GWAJI UKU DA ZA A IYA YI A GIDA

Gwajin kurɓar ruwa. A zaunar da yaro a wuri mai haske, ya ɗan ɗaga haɓa. A ba shi ruwa ya kurɓa, a dubi gaban wuyansa daga gefe sa'ad da yake haɗiyewa. Kumburin tayirod yana tsakiyar wuya ta ƙasa, yana kuma hawa sama ya sauko tare da haɗiya. Kaluluwa tana gefen wuya ko ƙarƙashin haɓa, ba ta bin haɗiya. Hangum kuwa yana gaban kunne.

Ƙirga bugun zuciya. A bari yaro ya huta, ba zazzaɓi, ba kuka. In yana barci ma ya fi. A ɗora yatsu biyu a wuyan hannunsa ta wajen babban yatsa, a ƙirga na minti ɗaya cif da agogo ko wayar hannu. Ga yaro ɗan firamare, kimanin 70 zuwa 110 daidai ne. Ga matashi, 60 zuwa 100. In kullum aka ƙirga ya wuce haka, a nemi ma'aikacin lafiya.

Auna tsawo. A tsayar da yaro ba takalmi a jikin bango ko ƙyauren ɗaki, a ja layi a saman kansa, a rubuta kwanan wata. A sake bayan wata 6, da bayan shekara. Daga wajen shekara 4 har zuwa farkon balaga, yaro mai lafiya yakan ƙaru da santimita 5 zuwa 6 a shekara. In bai kai 4 ba, akwai dalilin bincike. Tef ɗin tela ya isa wannan aiki.

In za a je asibiti, a tafi da waɗannan lambobi. A gaya wa likita lokacin da yaron ya yi zazzaɓi da tari, da duk maganin da ya sha, da ko akwai mai maƙoƙo a dangi. Ƙananan ɗakunan shan magani ba su cika yin awon tayirod ba, sai babban asibiti ko asibitin koyarwa. A roƙi takardar turawa daga ma'aikacin lafiya na kusa.

A garzaya ba jira idan kumburin yana hana numfashi ko haɗiya, ko yaro yana da zazzaɓi mai zafi tare da gudun zuciya da ruɗewa.

6. YARAN DA SUKE SHAN MAGANIN TAYIROD TUN DA

Yaron da ke shan maganinsa daidai, awonsa yana daidai, ba ya cikin hatsarin korona fiye da sauran yara. Hatsarin yana wajen barin magani. A lokacin kullen 2020 mutane da yawa sun kasa zuwa asibiti karɓar ƙwayoyinsu. Darasin da muka koya shi ne, kada a jira sai ƙwaya ta ƙare kafin a nemi wata.

Mai ƙarancin aikin tayirod ana ba shi lebotairoksin. Ana sha kowace safiya da ruwa, ciki ba komai, a jira kamar rabin sa'a kafin a karya. Kada a haɗa shi lokaci ɗaya da maganin ƙarin jini, a raba su da kamar sa'a 4. Ko yaro yana zazzaɓi, a ci gaba da ba shi.

Mai yawan aikin tayirod ana yawan ba shi kabimazol. Akwai gargaɗi ɗaya da kowace uwa za ta riƙe. A wasu mutane kaɗan wannan magani yakan rage dakarun jini masu yaƙi da cuta. Alamar ita ce zazzaɓi, da ciwon maƙogwaro, da gyambon baki. Waɗannan sun yi kama da mura ko korona, a nan ne ake yin kuskure. In yaron da ke shan kabimazol ya nuna su, a dakatar da ƙwayar, a kai shi awon jini a ranar, likita ne zai faɗi ko a ci gaba.

7. ABUBUWAN DA BA ZA MU YI BA

(a) Kada a yi tsaga, ko ƙaho, ko sakiya a wuyan yaro. Kumburin tayirod ba ƙurji ba ne, ba mugunya a ciki. Jijiyoyin jini manya suna wurin, ana iya rasa rai.
(b) Kada a cire beli da sunan maganin wannan ciwo. Ba ruwan beli da tayirod.
(c) Kada a ba yaro aidin na gyambo ya sha. Guba ne a ciki.
(d) Kada a sayi maganin tayirod a kemis ko a kasuwa ba tare da awo ba, kada kuma a ba yaro na wani. Maganin da ke iza wuta zai cuci wanda wutarsa ta riga ta yi yawa.
(e) Kada a ba yaro mai mura ko korona asfirin, yana iya yi wa hanta da ƙwaƙwalwa lahani. Farasitamol daidai da shekarunsa ya fi.
(f) Kada mu yi saurin cewa maita ce, ko iskoki, ko lalata. Magana in ta fita ba ta komawa, yaro kuma ba ya mantawa.

Addu'a da asibiti ba kishiyoyi ba ne. Mu yi wa yaro addu'a, mu kuma ɗauke shi mu tafi.

8. GISHIRI: RIGAKAFIN DA KE HANNUNMU

Tun kafin a ji sunan korona, babban abokin gaban tayirod a ƙauyukanmu shi ne ƙarancin aidin, musamman a yankunan duwatsu inda ruwan sama ya wanke ƙasa. In itace ya yi kaɗan, tayirod takan yi ta girma tana neman ƙari, shi ne maƙoƙon da kakanninmu suka sani. Mafi muni, ƙarancin aidin a jikin mai ciki da ƙaramin yaro yakan rage kaifin ƙwaƙwalwa, abin da ba ya gyaruwa daga baya.

Abin da jiki ke buƙata ɗan kaɗan ne. Bisa ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, a kowace rana yaro daga haihuwa zuwa shekara 5 yana buƙatar maikirogiram 90, ɗan shekara 6 zuwa 12 yana buƙatar 120, matashi da babba 150, mai ciki da mai shayarwa 250. Maikirogiram kashi ɗaya ne cikin miliyan na giram. Tun 1993 Nijeriya ta wajabta sa aidin a gishirin da mutane ke ci. Saboda haka:

(a) Mu sayi gishirin leda wanda aka rubuta cewa yana da aidin. Gishirin gargajiya da ake haƙowa ko dafawa a gida, da na dabbobi, ba a sa musu.
(b) Mu ajiye shi a kwalba ko roba mai murfi, nesa da murhu, da rana, da laima, domin aidin yakan gudu.
(c) Mu sa gishiri a miya wajen ƙarshen dahuwa.
(d) Kada mu ƙara yawan gishiri. Wanda aka saba sawa ya isa, yawansa kuma yana kawo hawan jini.
(e) In da hali, a ba yara ƙwai, da madara, da kifin teku.
(f) Rogo mai ɗaci a ɓare shi, a jiƙa kwana 3 zuwa 5, a shanya ya bushe sosai. Wanda ba a sarrafa da kyau ba yana da dafin da ke hana tayirod ɗaukar aidin.

Mu gane fa, gishiri mai aidin rigakafin maƙoƙon ƙarancin aidin ne. Ba ya warkar da ciwon Graves, ko Hashimoto, ko kumburin da ke biyo bayan korona.

9. ME IKKILISIYA ZA TA IYA YI?

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Malaman makarantar Lahadi suna ganin yara kowane mako, su ne za su fara lura in wani ya canza. Ana iya ware bango ɗaya a ajin yara domin auna tsawo sau biyu a shekara, a rubuta a littafi. Zumuntar mata tana iya sayen gishiri mai aidin da yawa a raba, ya fi sauƙin kuɗi. Ranar 21 ga Oktoba ce ranar yaƙi da ƙarancin aidin ta duniya, ana iya ba da minti goma a Lahadin da ke kusa da ita a yi wannan bayani. Dattawa kuma su tuna da kuɗin mota da na awo a asusun taimako, domin sau da yawa ba rashin sani ke hana iyaye tafiya ba, rashin abin hannu ne. In muka ji ana yi da wani yaro saboda halinsa ya sauya, mu zama na farko da za su ce a duba lafiyarsa tukuna.

TAMBAYOYI DOMIN TATTAUNAWA

1. Me muka koya daga umarnin da Yesu ya ba gidan Yayirus bayan yarinyar ta tashi?
2. Waɗanne abubuwa mutanen ƙauyenmu suke cewa suna kawo maƙoƙo? Me muka ji yau?
3. Ku faɗi alamomi uku na wuta ta yi yawa, da uku na wuta ta yi ƙasa.
4. Wane irin gishiri ake sayarwa a kasuwarmu? Ina muke ajiye shi a gida?
5. Wane asibiti ne mafi kusa da mu da ke yin awon tayirod? Wa zai tambayo mana kafin taro mai zuwa?

Aikin gida: Kowa ya auna tsawon yaransa a wannan mako, ya kuma koyi ƙirga bugun zuciya.

ADDU'A

Ya Ubanmu na sama, mun gode maka domin yaran da ka ba mu amana. Ka gafarta mana inda muka yi musu hukunci alhali ciwo ne ke damunsu. Ka ba mu idon lura da zuciyar tausayi. Ka ba likitoci da ma'aikatan lafiya hikima, ka tanada wa iyayen da ba su da hali. Ka warkar da marasa lafiya a cikinmu. Mun roƙa cikin sunan Yesu Kristi Ubangijinmu. Amin.